Mai Jiran Gadon Marquel

Shafi na 19

Masu damuna da saƙo tun asuba, ga shi nan, a karanta a natse. Mai cewa in sassauta wa Lavell kuma, ba ni na ɗora masa ba.

Ranar Litinin da rana Marquel Guidry ya shigo ɗakin cin abinci na Kwalejin Cane Ferry rungume da ƙwallon horo.

Ba wanda ya tambaye shi dalili. Kowa yana filin ranar Asabar da ƙwallo ta suɓuce masa, shi da yake na ɗaya a masu gudu da ƙwallo, shi da ya kai shekararsa ta ƙarshe ba a taɓa ganin ta faɗo daga hannunsa ba. Dokar Koci Ruffin kuwa ba ta san babba ba. Ka yar da ƙwallo a wasa, ka rungumi wannan tsohuwar ƙwallo mako guda cur. Aji da ita, banɗaki da ita, coci da ita. Duk ɗan ƙungiya yana da izinin kai mata duka a inda ya gan ta. In mai tsaron baya ne ya ƙwace ya kai wa Koci, za ka yi ta hawan matakalar filin wasa har sai ka yi amai. In kuwa ɗan'uwanka mai gudu ne ya kai ta, an gama. Ranar Asabar kana benci, shi yana gurbinka.

Lavell Pettway shi ne na biyu.

Tun shigowarsa makarantar yake tsaye a bakin layi, hular kwano a hannu, yana jiran Marquel ya gaji. Marquel kuwa ba ya gajiya. Ɗaki ɗaya suke kwana. Marquel ne ya koya masa yadda ake karanta ƙafar mai tare hanya, shi ne ya tafi da shi gidan mahaifiyarsa hutun da Lavell ba shi da inda za shi. Don haka ko kallon ƙwallon nan Lavell bai yarda ya yi ba. Yana bayan Marquel a layin abinci, idonsa a kan faranti.

Litinin ce, jan wake da shinkafa ne.

Hosea, ƙaton nan mai tare hanya, ya ɗaga murya daga teburinsu, bakinsa cike da burodin masara.

"Guidry! Jaririyar taka ta sha nono kuwa yau?"

Aka kwashe da dariya.

Marquel ya juyo, ƙwallon a matse a hammatar dama. "Taso ka taɓa ta mana, Tulu. In ka iya tashi."

"Ni zan yi mata wanka gobe!"

"Fara yi wa kanka. Tun daga nan nake jin warinka."

Suna ta yi, ɗaki ya ɗauka. Marquel ya jingina yana dariya, ya dafa hannun hagu a gefen kantar abinci.

Ƙauri Lavell ya fara ji.

Ya ɗauka daga kicin ne. Ya ɗago kai. Sai ya ga inda hannun Marquel yake. Ba kantar ya dafa ba. Bakin babban tiren ƙarfen nan ne na wake, wanda ruwa ke tafasa a ƙarƙashinsa, wanda masu zuba abinci ba sa taɓawa sai da tsumma ninki biyu. Tafin hannun yana kwance a kai, shimfiɗe. Mai hannun kuwa yana can yana yi wa Hosea gwalo.

Lavell ya fizge masa wuyan hannu.

Fatar ta yi fari fat, har ta fara tashi.

Marquel ya kalli tafin kamar hannun wani aka nuna masa. Bai ce wayyo ba. Bai ko yamutsa fuska ba. Ya cusa hannun a aljihun rigarsa da sauri, ya duba hagu, ya duba dama.

"Biyo ni," ya ce ƙasa-ƙasa.

Suka fita ta ƙofar baya, bayan kicin, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar nan da ciyayi ke reto a rassanta kamar gemu, inda ba mai zuwa saboda warin shara.

"Tun yaushe?" inji Lavell.

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina min hankali, Yaya."

"Ƙuna ce. Ba ka taɓa ƙonewa ba?"

"Na taɓa. Ihu na yi."

Marquel ya kau da kai.

"Kai ka koya min," inji Lavell. "Ka yi dama, ƙwallo a hannun dama. Ka yi hagu, ka mayar da ita hagu, jikinka ya shiga tsakaninta da mai kawo duka. Sau nawa ka dungure min kai a kan wannan? Makonni ke nan ina kallonka daga bakin layi, kana yin hagu da ƙwallo a dama. Na ce ko sabon salo ne. Ranar Asabar ka mayar da ita hagu, ta faɗi. Ba wanda ya taɓa ka, Yaya. Ba kowa kusa da kai."



Can Marquel ya ce, "Ka tuna wasan nan da aka yi cikin ruwan sama?"

"Na tuna."

"Da wannan yaron ya shigo min da kai. Wuyana ya lanƙwashe. Na ji wuta ta taso daga nan," ya sunkuyar da kai yana nuna ƙeyarsa, "ta sauka har yatsu. Kowa yana samun irin ta. Kai ma ka taɓa samu. Ka girgiza hannu, ka tofar da yawu, ta wuce."

"Taka ba ta wuce ba."

"Wutar ta wuce. Da ta tafi ne ta tafi da sauran."

Ya zaro hannun. Ya dunƙule, ya buɗe, ya dunƙule.

"Ka gani? Yana motsi. Ƙarfinsa na nan. Ji ne dai ba ya yi. In ina kallonsa yana yi min biyayya. In na ɗauke ido, sai ya manta abin da na sa shi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da safe sai na ɗaga bargo na duba, in tabbatar yana nan."

"Hannun kaɗai?"

Marquel ya mayar da hannun aljihu.

"Yaya. Hannun kaɗai?"

"Jiya ƙafar hagu ta fara. Kamar kiyashi na yawo a ciki. Ba komai ba ne."

Lavell ya sha gabansa.

"Mu je wurin Miz Delphine. Yanzu-yanzu."

Miz Delphine ita ce mai duba lafiyar 'yan wasa. Mace ce da ba a yi mata gardama. In ta karɓi hular kwanonka ta kulle a akwatinta, ko shugaban makaranta bai isa ya sa ta buɗe ba.

"Ta karɓe min hula?" inji Marquel. "Ta aika ni hoto? In kalmar wuya ta fito daga bakin matar nan, masu farautar 'yan wasa ba sa tsayawa jin ta biyu. Asabar ɗin nan za su zo, ƙanena. Don ni za su zo. Wasan gida na ƙarshe. Uwata ta riga ta ɗinka riga."

"In aka sake dukan wuyan fa?"

"Sai ka shiga."

"Me?"

"Sai ka shiga mana. Ba abin da kake tsaye kana jira ke nan ba?"

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Marquel ya ga inda maganar ta sauka. Ya matso, ya haɗa goshinsa da na Lavell, yadda suke yi kafin wasa.

"Wasa ɗaya. Bayan shi ni da ƙafata zan je wurinta. Ka rantse min bakinka zai yi shiru."

Lavell bai rantse ba. Bai kuma ce a'a ba. Marquel ya ɗauki shirun a rantsuwa, ya gyara ƙwallonsa a hammata, ya nufi aji.

To, a nan Lavell ya yi wauta irin ta mai tsarkin zuciya. Ya zauna ya auna. Miz Delphine za ta ceci wuyan ta kashe mafarkin. Shiru zai bar mafarkin ya jefa wuyan a caca. Sai ya ce akwai babba. Babba zai san dabara. Zai ce ƙafa ce ta ɗan gurɗe, ko ya rage masa ɗauka, ko wani abu dai irin na manya. Yaro bai san cewa ba kowane mai furfura ake kai wa kuka ba.

Ya tafi ofishin Koci Ruffin.

Ɗakin ba taga. Hasken majigi ne kawai a bango, 'yan wasa suna gudu ba sauti. Koci Ruffin yana zaune, gurguwar ƙafarsa a miƙe kan kujera, yana cin dafaffiyar gyaɗa yana jefa ɓawon a kofi. Shi ma da can mai gudu da ƙwallo ne. Gwiwar nan a fili ya bar ta.

"Pettway. Hannunka wayam na gani."

"Ba ƙwallo na kawo ba, Koci. Magana ce."

"Ban cika son magana ba. Rufe ƙofa."

Lavell ya rufe. Ya faɗi komai a tsaye. Tiren wake, ƙaurin, ruwan sama, kiyashin ƙafa. Koci bai katse shi ba. Bai kuma daina ɓare gyaɗa ba.

Da ya gama, Koci ya ɗauki abin juya majigi ya danna.

Hoton ya koma baya. Ruwan sama. Ga Marquel ya shigo da gudu, ga kai ya haɗu da kai, ga wuyan ya lanƙwashe.

"Nan," inji Koci.

Ya danna. Wani wasan. Marquel ya yi hagu, ƙwallo a dama.

"Nan."

Ya danna.

"Da nan. Kalli yadda yake tashi daga ƙasa. Da wane hannu ya dafa?"

Koci ya ajiye abin juya majigin.

"Ka zo ka ba ni labarin da na kalla a bangon nan tun kafin shi kansa ya yarda da shi."

"Ka sani?"

"Aikina ke nan, yaro."

"Ka sani kuma kana ba shi ƙwallo? Kana tura shi tsakiya?"

"Ya taɓa cewa kada in ba shi?"

"Koci..."

"Me ka ɗauka ya sa na fara sa ka atisaye da 'yan sahun farko? Kyan fuskarka?" Ya jefa ɓawo a kofi. "Me ka ɗauka ya sa na matso da Mouton daga can baya na ajiye shi a ƙeyarka? Yaron da ko hanyar ɗakin karatu bai gama sani ba?"

Deshun Mouton ɗan shekarar farko ne, na uku a layi. Ba ya magana da kowa. Ci yake, ya ɗaga ƙarfe, ya kalli mutane.

"Mai gudu da ƙwallo ba ya daɗewa," inji Koci. "Ranar da na ɗora mutum a gaba, ranar nake fara shirya na bayansa. Ba mugunta ba ce. Wasan ne haka. Shi Marquel ɗin naka, ta ina ka ga ya hau? Ka taɓa tambayarsa wa ya gada?"

"Wani Lucius, aka ce."

"Lucius. Ya fi Marquel gudu."

"Yana ina yanzu?"

"Yana gidan uwarsa. Tana juya shi safe da yamma."

Majigin ya ci gaba da ƙara a hankali. A bango Marquel yana ta gudu.

"To ka zaunar da shi," inji Lavell. "Don Allah, Koci. Kalma ɗaya ce daga bakinka."

"In zaunar da gwarzon ƙungiya ranar da manyan baƙi za su zo? Sai a ce me ya sa. In na faɗi me ya sa, sai a ce tun yaushe ka sani." Ya girgiza kai. "A'a. Ni ban san komai ba. Kai ma ba ka shigo nan ba."

"Zan je wurin Miz Delphine."

"Hanya a buɗe take. Ka je. Ta rufe shi har abada, ba ƙungiyar da za ta ƙara kallonsa. Yaran nan kuma su ji cewa na biyu ne ya kai ƙarar na ɗaya don ya hau. Su ne fa za su tare maka hanya ranar Asabar. Ka taɓa ganin abin da ke samun mai gudu in masu tare masa hanya suka ɗan yi sanyin jiki? Ba sa yin komai. Jinkirin ƙiftawar ido kawai."



Koci ya sauke ƙafarsa daga kujera, ya juyo sosai.

"Amma akwai doka a gidan nan da ba ta tambayar dalili."

Lavell ya gane tun kafin ya ƙarasa.

"Kawo min ƙwallon. Ba likita, ba hoto, ba tambaya. Ya yi sakaci, ƙaninsa ya ƙwace, doka ta hau kansa. Kowa ya san dokar. Wuyansa ya huta a benci."

"Ranar da suka zo ganinsa."

"Ranar da suka zo ganin mai gudu. Za su ga mai gudu."

"Mako na gaba fa? Zai dawo?"

"Wanda ya hau gurbi a wurina ba ya sauka da ƙafarsa."

"Ba zai taɓa yafe min ba."

"Ba zai yafe ba," inji Koci. "Amma da ƙafarsa zai riƙa tsallake titi in ya hango ka. Zaɓi wanda ka fi so." Ya koma ga gyaɗarsa. "Ka san gefen da ya mutu. Jira ya mayar da ita can. Yana mantawa wani lokacin."

Lavell ya juya. Ya kama mariƙin ƙofar.

Ya buɗe.

Marquel yana tsaye a bakin ƙofar.

Ƙwallon a hammatar dama. Hannun hagu a aljihu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ban kai aji ba," ya ce. "Na waiwayo na ga inda ka nufa."

"Yaya, ba abin da kake zato..."

"Ƙofar nan ba ta da kauri."

Ya leƙa ta saman kafaɗar Lavell.

"Ashe ka sani, Koci."

"Kai ma ka sani," inji Koci daga ciki. "Ka fasa wasa?"

Marquel bai ce ya fasa ba.

Lokacin taron ƙungiya ya yi. 'Yan wasa suka fara shigowa barandar, da jakunkuna, da hayaniya. Hosea a gaba.

"Kai, Guidry, ka tsere ka bar min wakenka, na kuwa..."

Ya ga fuskokinsu. Ya yi shiru. Shirun ya bi layi har ƙarshen baranda. Mouton ya ratso ta tsakiya ya tsaya a gefen bango, jakarsa a kafaɗa. Shi ba fuskar kowa yake kallo ba, idonsa na kan ƙwallon.

Marquel ya zaro hannun hagu daga aljihu. Tafin ya kumbura, ya yi ruwa. Wani ya ja numfashi. A hankali, yana kallon hannun, ya ɗauke ƙwallon daga dama ya kwantar da ita a hagu, ya naɗe ta.

"Ga ta inda aka ce ka jira."

"Yaya, don Allah."

"Buga."

"Ba zan buga ba."

"Buga mana, magajina! A gaban kowa! Ko sai na juya baya?"

"Wuyanka nake..."

"Wuyana nawa ne!" Ya ɗago ido daga kan ƙwallon, ya nuna Lavell da yatsan dama, ya dungure masa ƙirji. "Na kai ka gidanmu. Ka ci a kwanon uwata. Ta kira ka ɗanta. Abu ɗaya na roƙe ka, abu ɗaya tak a duniya, ko awa ba a yi ba ka..."

Ƙwallon ta zame.

Kowa ya gani sai shi. Ta silale ta gefen cikinsa, ta bi cinya, ta faɗi. Marquel bai tsaya ba. Yana ta faɗa, jijiyar wuyansa a tashe, hannun hagun yana nan a lanƙwashe yadda ya bar shi, rungume da iska.

Ta yi tsalle hagu. Ta yi tsalle dama. Ta gangara ta jingina da takalmin Lavell.

Sai a lokacin Marquel ya ga inda kowa ke kallo. Ya duba hammatarsa. Ya duba ƙasa.

Ya yunƙura zai sunkuya, ƙafar hagu ta lanƙwashe. Ya dafa bango.

Koci Ruffin ya riga ya fito bakin ƙofa, kofin ɓawo a hannu ɗaya. Ɗayan ya miƙo shi, tafin a buɗe.

"Ɗauka, Pettway."

"Ƙanena," inji Marquel, muryar ta dishe. "Kada."

"In ba ka so," inji Koci, "ga mai so nan."

Jakar Mouton ta faɗi ƙasa.